Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Neman Mai Fentin Tsohon Keke

Makonni da dama ke nan muna kai da kawo a kan batutuwa masu nauyi, daga tsadar rayuwa zuwa halin da makarantunmu ke ciki. Yau ina so mu ɗan sauka daga kan wancan doki, mu hau keke. Tambayar da na zo da ita ƙarama ce a ido: a gari kamar Kano, inda masu fentin mota da na gini da na allon talla suka fi a ƙirga, ana iya samun mutum guda da zai kalli keken da ya shekara hamsin, ya haɗa launin da masana'anta ta fito da shi tun ran farko, ba tare da ya ƙara ko ya rage ba? Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ce ai wannan aikin yini ɗaya ne. Ni kuwa da na gwada, na tarar tambayar tana da rassa, kuma rassan sun taɓo yadda muke riƙon kayan tarihi, da yadda muke kallon masu sana'ar hannu, da irin ilimin da ke bin tsofaffi zuwa kushewa ba tare da an rubuta ko layi ɗaya ba.

Ɗaliban yau, waɗanda suka buɗe ido suka ga babur a kowane lungu, da wuya su fahimci matsayin da keke ya taɓa riƙewa a ƙasar Hausa. Akwai lokacin da malamin makaranta da malamin gona da ɗan sandan gargajiya da mai awon gyaɗa ba su da abin hawan da ya wuce shi. Ango kan je gaisuwar surukai a kansa, ɗan kasuwa ya ɗaura masa buhu biyu ya nufi kasuwar ƙauye, yara kuma su tara kwabbansu su kai wa mai haya domin su ɗana na 'yan mintoci. Mai keke yakan wanke shi ran Juma'a, ya goge ƙarafunansa har su riƙa ɗaukar ido, ya naɗe jikinsa da leda mai launi don kada fentin ya ƙuje. Sunayen da suka yi tashe a lokacin su ne Raleigh da Hercules da Phillips da Humber da Rudge, dukkansu daga Ingila, kafin Phoenix ya iso daga ƙasar Sin, Hero da Avon kuma daga Indiya. A cikinsu duka Raleigh ne sarki, har kamfanin ya kafa masana'anta a unguwar Bompai da ke Kano.

Asalin kamfanin wani ɗan shago ne a kan titin Raleigh da ke birnin Nottingham, wanda aka buɗe a 1885. Bayan 'yan shekaru wani lauya mai suna Frank Bowden ya zuba jari ya karɓi ragamarsa, kuma daga tambarin gidan su Bowden aka ɗauko tsuntsun nan mai dogon wuya, dangin zalɓe, da ke goshin kowane keken Raleigh. Kamfanin ya yi ta haɗiye abokan hamayyarsa ɗaya bayan ɗaya: Humber a 1932, Rudge a 1943, sashen kekuna na BSA a 1957. A 1960 shi ma wani babban kamfani, Tube Investments, mai Hercules da Phillips, ya saye shi, aka tattara dukkan sunayen a ƙarƙashin inuwa guda. A 2002 aka daina ƙera keke a Nottingham, kuma wani ɓangare na filin tsohuwar masana'antar yanzu harabar Jami'ar Nottingham ce. Ma'anar wannan ga mai neman launi ita ce: tukunyar da aka dama fentin babu ita, gidan da aka gasa shi an rushe, ma'aikatan da suka yi aikin kuwa sun watse, akasarinsu ma sun riga mu gidan gaskiya.

Keken da ya jawo wannan rubutu na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Malamin firamare ne, kuma ya saye shi a 1975 da kuɗin ariyas na Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnatin Janar Gowon ta yi wa ma'aikata bisa shawarar kwamitin Jerome Udoji. Kore ne mai duhu, da siraran layuka ruwan zinare, da murfin da ya rufe sarƙar ruf, da giya uku ta Sturmey-Archer. Wannan kamfani yana da al'adar buga shekara da watan ƙira a jikin cibiyar tayar baya, don haka duk mai irin wannan keke yana iya goge maiƙon wurin ya karanta shekarunsa. Da aka zo rabon gado babu wanda ya yi jayayya da ni a kansa, domin a idon 'yan'uwa tarkace ne. Gyaran ƙarfen bai ba ni wahala ba. Har yanzu akwai masu gyaran keke da suka san cikinsa kamar yunwar cikinsu, kuma cikin mako biyu ya hau titi. Launin ne ya tsayar da ni wata biyar.

Kafin a gane dalili, sai an san yadda masana'anta ke shafa fenti a wancan zamani. Bayan an haɗa ƙashin keken, akan wanke shi tas a tsoma shi cikin ruwan sinadarin fosfet, wanda ke hana tsatsa ya kuma ba fenti wurin kamawa. Daga nan a shafa shimfiɗar farko, a shigar da shi tanda a gasa da zafin da ya zarce na tafasar ruwa, a fito da shi a ƙara wata shimfiɗa, a sake gasawa. Gashin nan shi ke sa fentin ya yi tauri ya kwanta lif, ga shi siriri, har ana ganin kaifin bakin kowace mahaɗa inda bututu ya shiga bututu. Bayan haka masu jan layi su zo su zana siraran layukan zinare, sannan a manna rubuce-rubucen kamfani a bi su da man ƙyalli. Saboda haka abin da ido ke gani ya kira “kore” haɗin gwiwa ne na abubuwa da yawa: ƙwayar launin, da man da ya riƙe ta, da abin da ke ƙarƙashinta, da kaurinta, da zafin wutar da ta sha. In ɗaya ya sauya, koren ya sauya.

Mota tana da sauƙi a nan. Kusan kowace mota tana ɗauke da lambar fentinta a wani ɗan faranti a bakin ƙofa ko ƙarƙashin murfin inji. Mai fenti ya karanta lambar, ya duba kundin kamfanin fenti, ya auna kaza da kaza ya gauraya. Tsohon keke ba shi da wannan gata. Lambar da ke jikinsa ta ƙira ce, ba ta faɗin komai game da launi. Abin da ya rage shi ne sunan da aka ba launin a littafin tallar kamfani, suna kuwa ba ma'auni ba ne. Hoton da ke cikin littafin ma tawadar maɗaba'a ce a kan takarda, ta kuma tsufa ita ma. Hoton waya ya fi kowanne yaudara, domin kowace waya da yadda take nuna kore. Ga kuma aikin da rana ta yi. Hasken rana yana cin ƙwayoyin launi, ja ya fi saurin mutuwa, man da ke riƙe da fentin kuma yana komawa rawaya-rawaya da tsufa, shi ya sa tsohon fari kan zama ruwan madara, tsohon shuɗi ya karkata zuwa kore. Keken da ya sha ranar Kano da hazon hunturu shekara hamsin yana ɗauke da launi uku ko huɗu a jikinsa, kowanne gwargwadon rabonsa na rana.

Wani abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne, kamfanonin kansu ba su tsaya a kan launi ɗaya ba. Misalin da masana keke suka fi bayarwa shi ne na Bianchi, kamfanin da Edoardo Bianchi ya kafa a birnin Milan na Italiya a 1885. Ya shahara da wani launi tsakanin shuɗin sama da kore, wanda suke kira celeste. In aka jera kekunansa na shekaru daban-daban, sai a ga wani ya fi shuɗi, wani ya fi kore, wani ya fi haske, alhali sunan bai sauya ba. Don magance irin wannan ruɗani ne Jamusawa suka kafa tsarin RAL a 1927, inda suka fara da launi 40, kowanne da lambarsa. Birtaniya ma tana da nata ma'aunin, masu ɗab'i kuma suna da Pantone tun 1963. Sai dai kamfanonin keke ba su ɗaure kansu da waɗannan lambobi ba. Mai neman launin tsohon keke a cikin kundin RAL zai sami maƙwabcin launin, wani lokaci ma ɗan'uwansa na jini, amma kama da wane ba wane ba ne.

Na fara da masu fentin mota, kamar yadda kowa zai yi. Na zaga gareji ya fi goma. Mutane ne masu fara'a da saurin hannu, kuma a kan mota ba a kushe musu. Amma amsar kusan iri ɗaya ce. Wani matashi ya zagaya keken sau ɗaya ya ce, “Yallaɓai, ai kore ne. Ka bar shi, jibi ka zo ka ɗauka, za ka rantse daga kwali aka fito da shi.” Na tambaye shi wane koren. Ya yi dariya ya nuna mini wata mota da ya gama fesawa. Da na ce ina son a bar tambarin goshi da rubutun jiki, sai ya ce a kasuwa akwai sitika masu kyau da suka fi waɗannan. Ban ga laifinsa ba. Kasuwar da ta rene shi sabo take so, mai sheƙi, cikin gaggawa, a kan kuɗi kaɗan. Ba a taɓa biyansa don ya zauna ya ƙura wa launi ido na awa guda ba, don haka bai koyi yin hakan ba. Fentin motar zamani kuma hawa biyu ne, launi a ƙasa da ruwan gilashi mai kauri a sama, wanda ke sa mota ta zama kamar a jiƙe take kullum. In aka yi wa tsohon keke irinsa, sai ya fito kamar dattijon da ya rina gemu ya sa rigar samari.

Wani abokin aiki daga sashen kimiyyar sinadarai ya ba ni shawarar in nemi masu na'urar auna launi. Akwai ta a wasu manyan shagunan fenti: a ɗora ta a jikin abu, ta haska shi, ta auna hasken da ya dawo, kwamfuta ta fitar da adadin da za a gauraya. Na'ura ce mai amfani, amma tana da iyaka biyu a kan keke. Ta farko, tana son wuri shimfiɗaɗɗe, bututun keke kuwa zagayayye ne, faɗinsa bai fi inci ɗaya da 'yan kai ba. Ta biyu, abin da ta gani shi take faɗa. In ka nuna mata fentin da rana ta cinye, za ta haɗa maka launin da rana ta cinye, daidai wa daida. Akwai kuma wata matsala da masana suka daɗe da sani, wadda matanmu ma suka sani ba tare da sun shiga aji ba. Mace takan sayi atamfa da mayafi a cikin shago ƙarƙashin fitila ta ga sun dace, ta fito rana ta ga kowanne ya kama gabansa. Launi biyu da aka haɗa da ƙwayoyi daban suna iya zama ɗaya a wani haske su rabu a wani. Da yake ƙwayoyin da aka yi amfani da su a da ba su ne na yau ba, wasunsu ma an daina yinsu saboda gubar dalma da ke cikinsu, dole sai ido ya yi hukuncin ƙarshe, a rana da inuwa, da safe da yamma.

An kuma kai ni wurin masu fentin gari, waɗanda ke fesa wa ƙarfe garin launi da wutar lantarki su gasa shi a tanda mai zafin kusan digiri 200. Aiki ne mai ƙarko, ya dace da ƙofar gida da kujerar ƙarfe. Amma yana da kauri, yana cike bakin mahaɗai ya shafe lambar ƙira, launukansa kuma a shirye suke zuwa, ba a gauraya su a faranti a ɗan ƙara wannan a rage wancan kamar fentin ruwa. Kafin a yi shi kuma dole a kankare tsohon fentin gaba ɗaya. Wato shaidar da za a gwada sabon aikin da ita, ita za a fara hallakawa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Wani mai gyaran keke ne ya yi mini kwatancen dattijon da a ƙarshe ya karɓi aikin. Ya haura saba'in, kuma a ƙuruciyarsa zanen jikin manyan motocin katako yake yi, irin masu hoton zaki da dawisu da karin magana a goshi, daga baya ya koma allunan shaguna, har injin buga leda ya zo ya ƙwace wannan kasuwa. Bai ce komai ba da ya ga keken. Ya sa yaronsa ya kwance kan keken ya zare ƙafar gaba, ya fito da bututun da ke ɓoye cikin wuya tun ranar da aka haɗa shi. Ya goge tsohon maiƙon da tsumma. A gindin bututun sai ga kore mai zurfi, wanda bai taɓa ganin rana ba. Ya miƙo mini ya ce, “Malam, ga launin da mahaifinka ya saya. Wancan na waje, launin da ya bari ne. Wanne kake so?” Na ce, “Baba, ashe biyu ne?” Ya ce, “Sun fi biyu, amma waɗannan su ne masu magana.” Daga nan ya buɗe cikin murfin sarƙa da ƙarƙashin maɗaurin fitila, ya nuna mini wurare uku da launin ya yi daidai da juna. Ya ɗan kankare wani gefe da bakin reza, ya nuna mini baƙin da ke kwance ƙarƙashin koren, ya ce duk wanda ya shimfiɗa fari ko ruwan toka a ƙasa ba zai taɓa samun wannan duhun ba.

Yadda ya yi gwajin ya cancanci a rubuta shi, domin babu abin da ya raba shi da tsarin da muke koya wa ɗalibai a ɗakin bincike. Ya samo guntayen tsohon bututu guda shida, ya ce ba a gwada launin keke a kan faranti, saboda zagayayyen abu daban yake mayar da haske. Ya shafa wa kowanne baƙi tukuna. Ya haɗa kore shida, yana ɗiga baƙi a wannan, ɗan ja a wancan don ya kashe kaifin koren, yana ƙirga ɗigon yana yi wa kowane bututu alama. Ya ce in dawo bayan mako guda, domin ɗanyen fenti maƙaryaci ne, sai ya bushe yake faɗin gaskiya. Da na dawo muka jera su kusa da bututun asali da hantsi, muka fitar da uku. Muka koma inuwa, muka fitar da ɗaya. Biyun da suka rage ya ce in tafi da su gida in duba da la'asar da kuma ƙarƙashin fitila. Sauyi ɗaya a lokaci ɗaya, rubuta abin da aka sauya, maimaita gwaji a yanayi daban-daban: wannan dattijo bai taɓa jin sunan hanyar binciken kimiyya ba, amma a kanta yake tafiya.

Da launin ya samu, sai ya kawo maganar da ta fi komai nauyi. Ya ce shi a ganinsa kada a fente keken duka. Inda tsatsa ta ci, wato marufan tayoyi da ƙasan murfin sarƙa, a kankare a yi sabo. Inda fentin asali yake da rai, a wanke shi, a goge da man gogewa mai laushi, a shafa masa kakin zuma. Wurin da gwiwar mai shi ta goge har baƙin ƙasa ya bayyana kuwa, ya ce wannan ba lalacewa ba ce, sawun mutum ne. Na yi shiru ina tunanin cewa wannan ita ce muhawarar da ta raba kan masana gine-ginen Turai tun ƙarni na 19. A Faransa, Viollet-le-Duc yana ganin a mayar da tsohon gini cikakke, ko da cikar da bai taɓa samu ba. A Ingila, John Ruskin ya tsaya a kan cewa irin wannan gyara hallakarwa ce da aka yi wa ado, kuma a kan ra'ayinsa William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877. Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta zo ta tsayar da ƙa'idar cewa a girmama kayan asali, kuma gyara ya tsaya a inda zato ya fara. Abin da aka yi taron ƙasa da ƙasa aka cimma, shi dattijon nan ya faɗa mini a zaune a kan benci. Muka bi shawararsa. Wuraren da aka sabunta ya ɗan karkatar da launinsu kaɗan zuwa ga na kewayensu don kada su yi tsalle a ido, ya ja layukan zinaren da dogon burushi siriri, hannu ɗaya, ba tare da ya manna tef ba. Kuɗin aikin ya ninka abin da matashin farko ya nema sau huɗu. Araha dai ba ta ado.

Abin da ya dame ni bayan an gama shi ne yaron da ke taya shi aiki. Jikansa ne, kuma ya gaya mini yana tara kuɗin sayen babur ne ya shiga haya. Ba zan zarge shi ba, tunda ya ga yadda sana'ar ta bar kakansa. Amma mu tsaya mu auna abin da za a rasa. Ƙasar Hausa ba baƙuwar ilimin launi ba ce. Marinan Ƙofar Mata sun shekara ɗaruruwa suna sarrafa baba da toka a karofi, suna sanin adadin tsomawar da ke raba shuɗi mai haske da wanda ya kusa zama baƙi. Dukawa sun san jan da ke fita daga karan dafi. Harshenmu kansa shaida ne: ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan hanta, algashi, kowanne an jingina shi da wani abu da ido ya sani. Al'ummar da ta ƙirƙiro waɗannan sunaye al'umma ce mai lura. Yau kuwa mun koma masu shafe komai. A shafe ginin ƙasa da siminti, a shafe tsohuwar ƙofa da fentin mai, a rushe soro a kafa shago, duk da sunan gyara. Mai fentin da ya ce mini “ai kore ne” ɗan wannan zamani ne na halak, kuma mu masu kai masa aiki mu muka koya masa.

Akwai kuma batun lafiyar masu wannan sana'a, wanda bai kamata a tsallake ba. A yawancin garejin da na shiga, na ga samari suna fesa fenti a fili, daga mai ɗaure hanci da tsumma sai wanda bai rufe komai ba. Fentin mota mai haɗi biyu yana ɗauke da sinadaran da likitoci suka tabbatar suna jawo asma mai tsanani, kuma tsumma ba ya tare su. Kankare tsohon fenti a bushe yana tayar da ƙurar da ke iya ƙunsar dalma, ga yara 'yan koyo suna shaƙa, suna cin abinci a wurin. Mu a Arewa mun san abin da dalma ke yi wa yara tun bala'in Zamfara na 2010, ko da yake wancan daga haƙar zinare ya fito. Wanda zai kai tsohon keke gyara ya nemi a kankare shi da ruwa, kuma in zai iya, ya haɗa wa mai aikin da abin rufe fuska na ƙwarai. Launin keke bai kai huhun mutum daraja ba.

Kada a ɗauka wannan sana'a ba ta da kasuwa a duniya. A Ingila akwai ƙungiyar masu tsofaffin kekuna tun 1955, wadda ke tara littattafan tallar kamfanoni tana taimaka wa mambobinta gano asalin kekunansu, kuma har yau akwai ƙananan shaguna da ke rayuwa a kan gasa fenti irin na da. A yankin Tuscany na Italiya, tun 1997 ake gudanar da tseren L'Eroica, inda dubban mutane daga ƙasashe daban-daban ke hawa kekunan da aka ƙera kafin ƙarshen shekarun 1980. Abin da muke sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo, a can dukiya ce da ake nema ido rufe. Ba ina cewa mu kwaikwayi Turawa a komai ba ne. Ina cewa ne ƙwarewa tana rayuwa a inda ake biyanta, tana kuma mutuwa a inda aka raina ta.

To, mene ne abin yi? Na farko yana kanmu, mu malaman jami'a da na kwalejojin fasaha. Kowace shekara ɗalibai na rubuta kundayen kammala karatu a kan batutuwan da aka tauna har suka gaji. Me zai hana ɗalibin Hausa ya tattara kalmomin masu fenti da masu gyaran keke, ɗalibin tarihi ya nemo tsofaffin ma'aikatan masana'antun Bompai ya naɗi bakinsu, ɗalibin zane ya zauna wata uku a gaban mai zanen mota, ɗalibin sinadarai ya auna abin da ke cikin fentin da ake sayarwa a kasuwa? Na biyu yana kan Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, mai hedikwata a Kaduna, wadda ta fara yunƙurin ba masu sana'ar hannu irin na Panteka takardar shaidar ƙwarewa. Yunƙuri ne mai kyau, kuma ya kamata ya kai ga tsofaffin da ba za su iya cike fom ba, a ɗauke su a matsayin masu koyarwa, a biya su. Na uku yana kan gidajen adana kayan tarihi. Takobi da sulke suna da muhimmanci, amma keken malamin gona da keken ɗinkin tela da rediyon mai shayi su ma tarihin talaka ne, kuma sun fi saurin ɓacewa saboda babu mai ganin girmansu.

Ga mai karatun da ke da irin wannan keke a zaure ko a bayan rumbu, shawarata gajeriya ce. Kada ka yi gaggawar kai shi feshi. Ka wanke shi da ruwa da sabulu, ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe, musamman rubuce-rubuce da layuka, ka rubuta lambobinsa. Ka nemi launin asali a wuraren da rana ba ta kaiwa. Duk mai fentin da za ka ba aiki, ka ce ya fara yi maka gwaji a guntun bututu, ka jira ya bushe, ka duba shi a haske iri-iri. In ya ji haushin wannan buƙata, ka gode masa ka ƙara gaba. In kuwa ka dace da wanda ya tambaye ka wane koren kake nufi, to ka riƙe shi da kyau, ka biya shi ba tare da ka yi masa ciniki irin na tumatir ba, ka kuma tura masa wani. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an bar ta a cikin tulu ba a zubar ba.